Daga Ɗura Zuwa Loma: Fara Ba Jariri Abinci A Ma'aunin Shari'a Da Lafiya

Da hantsi, a gidaje da yawa na Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Rima, akwai wani kuka da kunnuwanmu suka saba da shi har muka daina jin sa. Uwa ce ko kaka zaune a kan 'yar kujera, ta kwantar da jariri a cinya, ta maƙale ƙafafunsa, ta tara tafin hannu a bakinsa ta cika da koko, sannan ta toshe masa hanci. Idan numfashi ya ƙure masa ya buɗe baki, sai kokon ya wuce. Wannan ita ce ɗura. Da ita aka raini da yawa daga cikinmu, kuma babu mai cewa iyayenmu mata sun yi ta ne don ƙiyayya. Tsoro ne ya sa su: kada yaro ya kwana da yunwa, kada ya rame, kada dangin miji su ce ba ta iya raino ba.

A 'yan shekarun nan kuma wata hanya ta daban ta iso ga matasan iyaye mata ta wayar salula, musamman ɗalibai da ma'aikata. Za a ga jariri ɗan wata shida ko bakwai a zaune, an ajiye masa yankan ayaba ko dafaffen dankali, yana ɗauka da kansa yana kaiwa baki, babu cokali, babu mai riƙe masa kai. Kakanni suna ganin wannan ganganci ne da ran yaro, matasan kuma suna ganin ɗura azabtarwa ce. A gida ɗaya sai a sami uwar miji da matar ɗa sun ja daga a kan yaron da dukansu suke ƙauna. Tun da rai da lafiya ne a tsakiya, ya dace mu auna lamarin da abin da Shari'a ta ɗora wa iyaye da abin da ilmin lafiya ya tabbatar, sannan mu dubi halin da yaran wannan kwari namu suke ciki.

Daga ina wannan hanya ta fito?

Wadda aka fi dangantawa da ita wata ma'aikaciyar lafiya ce 'yar Ingila mai suna Gill Rapley, wadda ta daɗe tana ziyartar masu jego gida-gida. A shekarar 2008 ita da Tracey Murkett suka wallafa littafi mai suna Baby-led Weaning, wato a bar jariri ya ja gaba wajen fara cin abinci. Wasu sun fassara sunan da “yaye”, fassarar kuma tana da haɗari. Yaye a wurinmu shi ne cire yaro daga nono. Abin da mutanen Ingila suke nufi a nan shi ne a fara haɗa masa abinci alhali yana ci gaba da shan nono. Duk wadda ta ji ana maganar “yaye” a wata shida ta cire ɗanta daga nono, ta jefa shi cikin halin da marubutan littafin ba su taɓa nufi ba.

Tun a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar a ba jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, daga nan a fara ba shi abinci tare da nono har shekara biyu ko fiye. Kafin lokacin, a ƙasashe da dama ana farawa ne tun wata huɗu, lokacin da jariri bai iya zama ba, dole sai an dama masa abu ruwa-ruwa an ba shi a cokali. Hujjar Rapley ita ce ɗan wata shida ba ɗan wata huɗu ba ne: yana zama, wuyansa ya tsaya, yana miƙa hannu ya ɗauki abu ya kai baki, dasashinsa kuma yana iya murƙushe abu mai laushi ko da haƙori bai fito ba. Saboda haka sai a zaunar da shi tare da iyali, a ajiye masa abinci mai laushi, ya ci abin da zai iya, ya tsaya idan ya ƙoshi.

Idan muka yi adalci, wannan ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya a gidan Bahaushe. Kakanninmu sun san ranar da goyo yake fara kai hannu cikin akushi yana cinyar uwarsa, sun san kuma 'yar lomar tuwo da ake damƙa masa. Abin da ya zo sabo shi ne mayar da wannan ya zama ginshiƙin ciyarwa, da kuma binciken da aka yi a kansa. A Jami'ar Otago da ke ƙasar Niyu Zilan an bi jarirai 206, aka raba su gida biyu, aka wallafa sakamakon a 2016 da 2017. Waɗanda suka ci da hannunsu ba su fi 'yan cokali shaƙewa ba, nauyinsu bai bambanta ba, kuma iyayensu sun ce ba su cika tsirfar abinci ba. To sai dai akwai sharaɗi: an koya wa iyayen su guji abinci mai maƙalewa, su kuma ajiye abu mai gina jini da abu mai ba da ƙarfi a kowane zama.

Matakai uku a idon fiƙihu

Alƙur'ani mai girma bai bar maganar ciyar da jariri ga al'ada kaɗai ba. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya cikar shayarwa shekara biyu ga wanda ya so cika ta, Ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uba gwargwadon halinsa, Ya hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu, sannan Ya ambaci yarda da shawara tsakanin iyayen biyu idan za a yaye yaro. Suratu Luƙman aya ta 14 ta maimaita shekara biyun, Suratul Ahƙaf aya ta 15 kuma ta haɗa ciki da yaye a wata talatin. Wannan zango na ciki da shayarwa shi ne ma'aikatan lafiya suke kira kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi suke ginuwa da saurin da ba za su sake yi ba.

Malaman fiƙihu sun kula da ranar da abinci ya fara shiga cikin yaro, domin akwai hukunce-hukuncen da suka rataya a kanta. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Bukhari da Muslim, sun ruwaito cewa Ummu Ƙais bint Mihsan (RA) ta kai wa Manzon Allah (SAW) ɗanta wanda bai fara cin abinci ba, yaron ya yi fitsari a tufafinsa, sai ya nemi ruwa ya yayyafa bai wanke ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun riƙi wannan ga jariri namiji da bai fara ci ba, mashhurin mazhabar Malikiyya kuwa shi ne a wanke. Haka nan a Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Gwandu da Argungu, yaron da aka yaye har ya wadatu da abinci kafin shekara biyu, nonon da ya sha bayan haka ba ya haramta aure.

Ke nan fiƙihu ya san matakai uku: nono kaɗai, nono tare da abinci, sai wadatuwa da abinci. Matakin tsakiya shi ne mafi tsawo, kusan wata goma sha takwas, kuma shi ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, ya yi nasiha a littafinsa Tuhfatul Maudud da a bi yaro sannu a hankali, a fara da abinci mai laushi, kuma kada a yaye shi farat ɗaya. Mu kuwa sau da yawa rana guda ake shafa ɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, wani a wata goma sha bakwai, wani ƙasa da haka idan uwa ta yi kwanika, bisa zaton nonon mai ciki guba ne. Alhali a hadisin Judama bint Wahb (RA) da Malik da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ta cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Malik ya fassara gila da kusantar mai shayarwa, wasu malaman lugga kuma da shayarwar mai ciki. Yaron da bai saba da abinci ba tun wata shida, ranar da aka cire shi daga nono ya rasa duka biyu.

Ɗura a ma'aunin Sunna

Abu Huraira (RA) ya ba da labari cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, idan ya so ya ci, idan bai so ba ya bari. Akwai kuma hadisin da ya fi kusa da batunmu. Matan Larabawa sun kasance suna danna maƙogwaron yaro da yatsa don maganin wani ciwon wuya, sai Annabi (SAW) ya hana su azabtar da 'ya'yansu da wannan dannawa, ya nuna musu magani mai sauƙi a madadinta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) da kuma Ummu Ƙais ɗin nan. Waɗancan matan ma alheri suke nufi, al'ada ce suka gada, amma kyakkyawar niyya ba ta sa aka ƙyale su ba.

Illar ɗura a fili take. A maƙogwaro hanyar abinci da hanyar numfashi suna maƙwabtaka. Yaron da aka toshe wa hanci yana kuka, buɗe baki yake yi don ya ja iska, a daidai lokacin kuma ake tura masa koko. Idan kokon ya bi hanyar iska ya sauka huhu, yana iya haifar da ciwon huhu bayan kwanaki, yana kuma iya toshe numfashi nan take. Wanda ya tsira daga wannan sai ya haɗa abinci da tsoro: da ya hango kofi sai ya dantse baki, uwa ta ce ba ya cin abinci, ta ƙara ɗura. Ƙa'idar da malamai suka ciro daga hadisi cewa babu cuta babu cutarwa ta isa hujja a nan.

Ga kuma Umar ɗan Abu Salama (RA), agolan Annabi (SAW). Ya ce yana yaro hannunsa yakan yi yawo a cikin akushi, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya kuma ci daga gabansa, kuma daga ranar haka cinsa ya kasance. Umar a lokacin ya wuce jariri, amma mu dubi yadda zaman yake: yaro da hannunsa, a akushi ɗaya da mafificin halitta, ana gyara masa da lafazi mai taushi. Jaririn da ake zaunarwa tare da iyali yana jin Bisimilla kafin ya iya furta ta, yana ganin hannun dama kafin ya san sunansa. Idan ya ɗauka da hagu ba a dukan hannunsa, domin babu taklifi a kansa. A riƙa ajiye masa abincin ta ɓangaren dama, sabo zai yi sauran.

Me ya sa ba za mu kwafa yadda take ba?

Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Shi ne adadi mafi yawa a ƙasar a lokacin, inda na ƙasa baki ɗaya yake kashi 37. Biyu ke nan cikin kowane yara uku. Wannan kuwa a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a 2015, jihar da Argungu ke gudanar da bikin kamun kifi tun 1934, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Tun 2022 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take jinyar yara masu tamowa a Maiyama.

Dalilan suna da yawa: talauci, zawo, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, da haihuwa kusa-kusa. Akwai kuma wanda ke cikin kofin koko. Cikin jariri ƙarami ne, bai fi ɗaukar ƙaramin kofi ɗaya a zama guda ba. Idan aka cika shi da tsinkakken koko, wanda mafi yawansa ruwa ne, yaro ya ƙoshi amma jikinsa bai samu abin gini ba. A daidai wata shida kuma sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haife shi da shi yake fara ƙarewa, nono kuma ba ya ɗauke da isasshe.

A nan ne iyakar sabuwar hanyar take bayyana. Jariran da aka yi bincike a kansu a Otago lafiyayyu ne, a gidajen da abinci bai yanke ba. Ɗan wata shida ko bakwai, yawancin abin da ya ɗauka a ƙasa yake ƙarewa. Yaron da dama nauyinsa bai kai ba, ko bakwaini, ko wanda ya tashi daga ciwo, ko wanda bai iya zama ba tukuna, idan aka ce sai abin da hannunsa ya kai bakinsa, an gudu daga ɗura an faɗa sakaci. Matsakaiciyar hanya ita ce wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada a ƙa'idojinta na 2023: ciyarwa bisa lura da alamun yaro. A ba shi a cokali idan ya buɗe baki, a bar shi ya ɗauka da hannu, a lallashe shi da magana da fara'a, idan ya kau da kai a dakata a sake gwadawa an jima. Hannun na yaro ne, amanar kuwa tana nan a wuyan iyaye.

Abin da za a ajiye a gabansa

Daga wata shida zuwa takwas, sau biyu zuwa uku a rana. Daga wata tara zuwa shekara biyu, sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Nono yana nan yadda yake, domin daga wata shida zuwa shekara ɗaya shi ke ba yaro rabin ƙarfin da yake buƙata ko fiye, a shekara ta biyu kuma kusan sulusi.

Abin cokali ya zama mai kauri, wanda idan aka karkata cokali ba zai zube ba. Garin da ake kira Tom Brown, wanda ma'aikatan lafiya ke koyarwa, ana haɗa shi ne da awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne a niƙa. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, domin tana ɗauke da guba mai illa ga hanta.

Abin hannu kuma a yanka shi kamar tsawon yatsan babba, ya yi laushin da za a iya murƙushe shi tsakanin yatsu biyu: dafaffen dankalin Hausa, kabewa, nunanniyar ayaba, gwanda, mangwaro, alale, awara mai taushi, ƙwai da ya dahu sosai, da 'yar lomar tuwon shinkafa da aka tsoma a miyar kuka ko kuɓewa ko zogale. Kullum a nemi abu ɗaya mai gina jini: hanta da aka dafa aka marmasa, nama da aka daka, wake, ko kifi. Tarwaɗa da giwan ruwa sun fi sauƙin cire ƙaya, karfasa kuwa tana buƙatar a bi ta da yatsa sau biyu. Ɗan manja ko man gyaɗa a kai yana ƙara ƙarfi. A ɗebi rabon jariri kafin a zuba gishiri da dunƙule da yaji, domin ƙodarsa ba ta kai ɗaukar gishirin manya ba, kuma a nisanta shi da sukari da lemon kwalba.

Ya zauna tare da iyali, amma da ƙaramin kwanonsa. Jaririn da aka haɗa da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma guda sun sheƙe. A wanke hannunsa da na mai ba shi da sabulu, a shimfiɗa tsaftatacciyar leda ko tabarma, a ba shi tsaftataccen ruwa a kofi. Zawon da muke ɗora wa fitowar haƙori, mafi yawansa daga ƙazantar da yaro ke kaiwa baki ne a wannan lokaci. Mai tsoron almubazzaranci ya zuba kaɗan-kaɗan. Abin da ya faɗi a kan shimfiɗa mai tsabta ana ɗauka, abin da ya ɓaci kaji su amfana.

Kakari daban, shaƙewa daban

Abin da ya fi tsorata kakanni shi ne shaƙewa, kuma tsoronsu yana kan hanya. Dole a bambanta abu biyu. Jaririn da ke koyon ci yakan yi kakari, fuska ta yi ja, ya yi tari, ya turo abin da harshe. Wannan kariya ce da Allah Ya halitta masa, kuma a bar shi ya fitar da kansa. Shaƙewa kuwa shiru take zuwa: ba kuka, ba tari, numfashi ya tsaya, leɓe ya fara sauya launi. Idan haka ta faru ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya, a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin allunan kafaɗunsa da tudun hannu har sau biyar. Idan abin bai fito ba a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu har sau biyar, a riƙa maimaitawa ana neman hanyar asibiti. Kada a zura yatsa ana lalube, domin yana iya ƙara tura abin ciki.

Rigakafi dai ya fi magani. Kada jariri ya ci a kwance, ko a goye, ko yana rarrafe, kuma kada a bar shi da abinci babu babba a kusa, ko da na ɗauko ruwa ne. A kawar masa da duk abu mai tauri ko mai mulmule: ƙwayar gyaɗa, aya, gurjiya, gugguru, magarya, ɗanyen karas, alewa, dabino da ƙwallonsa, guntun ƙuli-ƙuli, tsire da kilishi da ganda. A ja kunnen yayyensa, domin sau da yawa su ne masu tura masa abin da suke ci saboda ƙauna.

Zuma da dabino da ƙwai

Akwai wuraren da addini da al'ada suka cakuɗe a gidajenmu. Tahniki Sunna ne tabbatacce: Asma'u bint Abi Bakr (RA) ta kai Abdullahi ɗan Zubair ga Annabi (SAW), ya tauna dabino ya goga masa a ganɗa. Amma wannan ɗanɗano ne na lokaci guda, bai zama hujjar ɗura wa sabon haihuwa jiƙe-jiƙe ba, ko matse dakashi a zubar, alhali shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka.

Zuma kuwa Suratun Nahli ta shaida akwai waraka a cikinta ga mutane, babu Musulmin da ke shakka. Sai dai likitoci sun tabbatar tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kawarwa, amma a hanjin jariri tana iya tsirowa ta fitar da guba mai shanye jiki da numfashi. Don haka ake jinkirta ta har yaro ya cika shekara ɗaya. Kowane magani yana da lokacinsa da mai shansa, jinkirta zuma wata goma sha biyu bai rage mata daraja ba. Shi kuwa zancen cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, camfi ne da ba shi da tushe a Littafi ko Sunna, kuma ya hana yara da yawa abinci mai gina jiki da ke cikin akurkin gidansu.

Rabon uba da na al'umma

Duk abin da muka lissafa, cefane ne, kuma ayar Baƙara a kan uba ta ɗora shi. Masuncin da ya fito daga Matan Fada ya sayar da kamunsa duka bai ware wa goyon gidansa tsoka guda ba, da manomin fadama da ya kai wake kasuwa ya bar jaririnsa da tsinkakken koko, su sake duba lissafinsu. Uba ne kuma ya fi dacewa ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya yi mata bayanin illar ɗura, maimakon ya bar matarsa ta yi wannan jayayya ita kaɗai. Kaka kuwa taska ce: ita ta san laushin tuwo, ita ke da haƙurin zama da yaro. Idan aka girmama ta aka fahimtar da ita, babu wanda zai fi ta tsare jikanta.

Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya ji kukan wani jariri da dare, da ya bincika sai uwar ta ce tana gaggauta yaye shi ne saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye Umar ya sa aka yi shela kada a gaggauta yaye, ya yanka rabo ga kowane abin haihuwa. Cikin jariri ke nan ya sauya dokar daula. A ƙasar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, kuma Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yake shugabantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bai kamata wannan magana ta tsaya a ɗakin awo ba. Ta cancanci huɗubar Juma'a, da darasin Islamiyyar matan aure, da nasihar ranar suna.

Wanda yake da ɗan wata shida a gida ya fara yau da abin da ya sawwaƙa: a wanke masa hannu, a zaunar da shi, a ajiye masa yankan dankali da tsokar kifi marar ƙaya, uwa ta riƙe cokalin kunu mai kauri a gefe, a yi Bisimilla a bayyane don ya ji. Idan ya ƙi ci kwana biyu a jere, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Allah Ya raya mana zuriya a kan Sunna, Ya ba su lafiya da albarka, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Wallahu a'alam.